Kuɗin da ba wanda ya sata

Ni ɗan fari ne, don haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai", in tana maganata da wani ta ce "yaron nan". Ranar da na kawo mata takardar gama kwalejin horon malamai ma, kallo ɗaya ta yi mata ta ce in kai wa Baba, ta ci gaba da tankaɗenta. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma ban taɓa jin haushi ba, domin na san tsokar da nake tsinta a ɓoye ƙarƙashin tuwona ba da ƙafarta take zuwa ba.

A Tudun Wada muka tashi, nan cikin Kaduna. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kullum da asuba ya hau kekensa ya ƙetare gada. Da masaƙu suka fara durƙushewa a farkon shekarun 2000 ya dawo gida zama, ciwo ya biyo baya, a 2009 Allah Ya karɓi abinsa. Ƙannena shida Inna ce ta ƙarasa rainonsu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Amma abin da aka fi saninta da shi a layinmu shi ne adashi. Ita ce uwar adashin mata 32, kuma ba ta yi boko ba, ba ta da littafi. Wadda ta zuba, wadda ta tsallake kwana biyu, wadda ta yi musayar kwasa da wata saboda suna ya taso mata, duk a kanta suke. Ni da nake koyar da lissafi a sakandare na sha gwada ta da biro da takarda, tana riga ni ba da amsa tana murza gyaɗa.

Na kawo wannan ne don a gane irin ƙwaƙwalwar da muka zauna muna kallo tana zubewa, muna dariya.

Lokacin kullen korona a 2020 abin ya fara bayyana, ko kuma in ce lokacin ne muka zauna gida har muka lura. Za ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Za ta tambayi yau wace rana, a gaya mata, kafin a sauke tukunya ta sake tambaya. Jikoki suka mayar da abin wasa, mu manya muka ce tsufa ne, wa ya kai shekarunta bai yi mantuwa ba? A 2021 ta ba mace ɗaya kwasa sau biyu, wadda ke kan layi ta zo ta tarar babu. Aka yi hayaniya a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Na biya daga albashina, na roƙe ta ta ajiye adashin ta huta. Ta ajiye, amma daga ranar ta daina fita ƙofar gida, ta daina zuwa biki da suna. Na ɗauka fushi take yi da ni. Yanzu nake gane tsoro ne: ita ta riga mu sanin wani abu yana kuɓuce mata.

Sai aka shiga zancen sata.

Da farko dubu biyu ce ta ɓata a ƙarƙashin matashinta. Bayan mako dubu biyar ɗin da ƙanena ya aiko daga Abuja. Duk abin da aka ba ta, kwana ɗaya biyu sai ta fito tana salati an ɗauke. Gidan kuwa daga ni sai matata da 'ya'yanmu biyar, kuma matata ce mai shiga ɗakin ta yi shara ta kai abinci. Wata rana na dawo daga makaranta Inna ta ja ni gefe, ta rage murya, ta ce: "Matar nan taka hannunta ba shi da kyau. Da idona na gan ta."

Shekara 19 muna tare da matata a lokacin, ko allura ban taɓa nema na rasa ba. Amma wadda ke magana uwata ce, matar da aka ba amanar kuɗin unguwa shekara da shekaru ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Kuma ba ta magana kamar mai ruɗu. Tana faɗin rana, tana faɗin launin zanen da matata ta ɗaura, tana kuka. Na tambayi matata, ta rantse. Na sake tambaya bayan wata ɓatar, ta ce in kawo Alƙur'ani ta dafa. Ƙannena mata suka shigo maganar ta waya, kowacce da tata: ai dama an ga take-takenta, ai ta mallake ka, ai so take ta haukata mana uwa ta ci gida. A watan Agustan 2022 'yan kunnen zinariyar Inna, waɗanda ta sayo a Makka, suka ɓata. Ta zauna a tsakar gida ta ce in dai ita ta haife ni, ba za ta sake kwana rufi ɗaya da ɓarauniya ba.

Na rubuta saki ɗaya. Hannuna bai ko yi rawa ba, abin da har yau yake ba ni tsoro game da kaina ke nan. Ina ganin biyayya nake yi. Matata ta karɓi takardar, ta ninke, ta ce: "Allah Yana gani, Malam." Ta ɗauki ƙaramar 'yarmu ta tafi gidansu a Unguwar Sanusi.

Kuɗi kuwa suka ci gaba da ɓata. Maimakon in farga, sai zargin ya koma kan babbar 'yata, yarinya 'yar shekara 16 da ta ɗauki girki da wanki bayan tafiyar uwarta. Aka ce uwar ce ke aiko ta.

Canjin kuɗi ne ya tona gaskiya. A Janairun 2023, da wa'adin mayar da tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya matso, kowa na kakkaɓe gida yana kai wa banki, na ce wa yara mu duba ɗakin Inna ko akwai ragowar canji. Muka bari ta shiga wanka. Na buɗe kwallar farko a jeren da ke saman kabad, sai ga kuɗi a naɗe cikin tsumma. Ta biyu ma haka. Cikin rigar matashi, ƙarƙashin ledar ɗaki, cikin buhun geron da ta hana a taɓa, har ramin batir na tsohuwar rediyon Baba, ko'ina ƙulli ne, kowanne an ɗaure shi da irin ɗaurin da take yi wa zubin adashi. Muka zube a kan tabarma muka ƙirga: naira dubu 214. 'Yan kunnen suna cikin gwangwanin madara, an cusa auduga a kai.

'Yata ta dube ni ba ta ce komai ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Inna ta fito daga wanka ta ga kuɗin, fuskarta ta washe, ta ce: "Ka gani ko? Ta ji tsoron Allah ta dawo da su." A nan jikina ya yi sanyi gaba ɗaya. Ba ƙarya take yi ba. Ita ke ɓoyewa don tsoron ɓarawo, ta manta ta ɓoye, sai ƙwaƙwalwar ta cike gurbin da labarin da zai yi ma'ana, ta kuma gaskata shi har zuciyarta.

Idda ta riga ta cika, don haka maganar ta wuce biko, sai sabon ɗaurin aure in ta yarda. Na ɗauki kawuna muka je, na ajiye gwangwanin madarar a gaban surukina na faɗi komai. Dattijon ya daɗe shiru, sannan ya ce: "Sakin ba shi ya dame ni ba, aure rai gare shi. Sunan ɓarauniya da aka bi unguwa da shi, wa zai bi gida-gida ya goge?" Ba ni da amsa. Na dai bi gidajen da na san maganar ta shiga, ɗaya bayan ɗaya, na faɗa da bakina. Ƙannena biyu suka je suka ba ta haƙuri, ɗaya har yau ba ta je ba. Sai bayan wata biyu matata ta amince, kuma ta gaya mini a fili: "Don 'ya'yana na dawo, da kuma tsohuwar nan, domin na daɗe da sanin ba lafiya gare ta ba. Na faɗa maka, ka ce in iya bakina." Ta faɗa kuwa. Na tuna ranar.

Duk da haka ba asibiti muka nufa ba. Dangi suka ce sammu ne, wata cikin 'yan adashi ta yi mata. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka turara hayaƙi har ɗakin ya yi baƙi. Ba na raina addu'a, har gobe ina yi mata tofi da safe. Amma akwai wanda ya karɓi kuɗinmu ya ce aljani ne ya shekara 40 a jikinta, ya yi ta daka mata tsawa yana cewa ya fita, tsohuwa tana makyarkyata tana neman inda za ta ɓuya. Ranar na ce an gama.

Bayan ƙaramar sallar 2023 muka tashi da asuba muka tarar da ƙofar gida a buɗe, Inna ba ta nan. Aka yi cigiya a masallatai, aka kai sanarwa gidan rediyo, yara suka bazu har Rigasa da Kurmin Mashi. Masu cewa sammu suka ce to ga shi, kurciya ce aka yi mata. Sai bayan la'asar aka kira lambar da muka bayar: tana tashar Kawo. Ma'aikatan tashar ne suka lura da tsohuwa da ƙullin kaya ba takalmi, tana neman motar Malumfashi, wai innarta na jiranta ta kai mata tsaba. Innar tata ta fi shekara 30 a ƙasa. Suka zaunar da ita a inuwa, suka saya mata fura. Yadda ta kai Kawo daga Tudun Wada, a ƙafa ne ko wani ya rage mata hanya, ita ma ba ta sani ba. Tafin ƙafarta dai duk ya farfashe.

Wani abokin aikina, malamin kimiyya, shi ya ce in kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na ji nauyin abin, domin duk mutumin Kaduna ya san sunan da ake kiran wurin da shi a gari, kuma ƙanena cewa ya yi: "Yaya, uwarmu za ka kai asibitin mahaukata?" Na ce na riga na yi abin da ya fi wannan muni da sunan kare mutuncinta. Muka ɗauki shatar Keke Napep ni da matata muka sa ta a tsakiya.

Likitan bai yi gaggawa ba. Ya gaishe ta har da tambayar jikoki, sannan ya ce: "Mama, zan faɗi abu uku ki riƙe mini: tulu, akuya, tsintsiya." Ta maimaita tana murmushi, kamar an raina mata wayo. Ya ɗan ja ta da hira, ya dawo ya tambaya. Ko ɗaya ba ta kawo ba. Ya tambaye ta wa ke mulkin ƙasa, ta ce Shagari. Sai ya ce in mutum ya zo da naira 100 ya sayi ƙuli-ƙulin naira 30, nawa ne canjinsa? Inna ta dubi yatsunta, ta dube ni, ta sake duban yatsun. Uwar adashin mata 32. Na tashi na fita waje don kada ta ga fuskata.

Bayan gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa ya zaunar da mu. Ya ce abin da muke kira gigin tsufa, likitoci suna ce masa dimenshiya, wato cutar mantuwa, kuma ba dole ne duk wanda ya tsufa ya same ta ba. Ciwo ne da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Ya ce nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sai kuma wanda lalacewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, kuma alamu sun nuna Inna ta haɗa biyun. Da ya tambayi hawan jini sai na sunkuyar da kai. An gano mata shi fiye da shekara 15, amma ba ta shan magani sai kanta ya yi ciwo, in ya lafa ta ajiye, mu kuma ba wanda ya taɓa bibiya. Ya ce babu maganin da ke warkar da cutar. Akwai dai ƙwayoyin da kan ɗan rage gudunta a wurin wasu, kuma dole a riƙe hawan jinin da kyau. Sannan ya juya ga matata ya ce zargin sata na daga cikin abubuwan da iyalai suka fi kawo masa, kuma galibi wanda ya fi kusa da mara lafiya, mai yi masa hidima, shi ake zarga. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san mutum zai iya kuka haka ba sauti ba.

Daga baya na shiga karance-karance kamar mai shirin jarrabawa. A 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayanin cutar da ke ɗauke da sunansa, wato fiye da ƙarni guda duniya ta san abin da ni malamin makaranta ban sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma ana hasashen za su kai miliyan 139 a 2050. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, sama da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ne irin tamu. Da ina jin ciwon Turawa ne, masu kai iyayensu gidan gajiyayyu. Ashe yana cikin ɗakunanmu, mun sa masa wasu sunaye ne kawai. Kuma ƙaruwa zai yi, domin masu kaiwa 70 da 80 suna ƙaruwa, ga hawan jini da ciwon suga sun cika gidaje ba a kula da su yadda ya kamata. Gidan gandu da a da yake haɗiye irin wannan lalura, inda tsohuwa ke da surukai huɗu da jikoki ashirin masu sa mata ido, ya watse. Yau ɗaya na Abuja, ɗaya na Legas, sauran suna haya ɗaki biyu, nauyin ya faɗo kan mace ɗaya.

A layin ganin likita na gane ba mu kaɗai ba ne. Na zauna kusa da wata mata daga Sabon Tasha da ta kawo mahaifiyarta. Ta ce a ƙauyensu an tsinci tsohuwar da dare a bayan gidan wani tana sambatu, aka taru a kanta ana cewa mayya ce, da ƙyar aka ƙwace ta. Mu mun ce sammu, su sun ce maita, ciwon ɗaya ne. Tun ranar, duk tsohuwar da na ji an ce ta "amsa laifi da bakinta", gabana sai ya faɗi.

Zaman jinyar kuwa matata ce ta koya mini shi. Ni malami ne, gyara kuskure ya zame mini jiki. In Inna ta ce Baba bai dawo daga aiki ba, sai in ce: "Inna, Baba ai ya rasu tun 2009." Sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, sabon mutuwa fil, tana cewa me ya sa ba wanda ya gaya mata. Sau uku ina sa uwata zaman makokin mijinta kafin matata ta ce: "Malam, don Allah ka bari. Kai kana so ta dawo inda kake, ita kuwa ba ta da hanya." Ita in an yi tambayar sai ta zauna kusa da ita ta ce: "Inna, wai yaya aka yi ya fara ganinki?" Shi ke nan, sai labarin dandali da kuɗin zance, har tambayar ta bi iska.

Tsakanin la'asar da magariba ne lokacin da ya fi wuya. Rana na yin sanyi za ta fara ƙulla kaya, za ta tafi gida. Mun daina cewa nan ne gidanki. Ana miƙa mata faifai da wake a ce ta taimaka ta tsince kafin mota ta zo, hannun kuwa bai manta aikinsa ba, ko tsakuwa ɗaya ba ta wuce ta. Mun sa sakata can sama a ƙofar gida, mun ɗinke lambar wayata a cikin kowane hijabinta, mun gaya wa mai shagon bakin layi da masu gadin unguwa. Salla takan yi azahar sau uku, ko ta sallame a raka'a ɗaya. Abin ya dame ni har na tambayi limaminmu, ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, in bar ta da Ubangijinta. Fatiha dai har yau ba ta tuntuɓe a cikinta.

Sai kuma adashi. Dabarar babbar 'yata ce, wadda aka zarga. Ta roƙi mata huɗu cikin tsofaffin 'yan zubin Inna, kowacce takan leƙo da hantsi ta miƙa naira 50 ta ce: "Inna, ga zubina." Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin zane, ta gyara zama, ta yi gyaran murya irin ta da. Da yamma yarinyar ta kwance ta mayar wa kowa kuɗinta. Cikin masu zuwan har da wadda aka ce ita ta yi sammun.

Ba zan ce muna cikin sauƙi ba. Tun bara ta daina riƙe fitsari, kuɗin famfas na manya da magani suna cin kusan sulusin albashina, 'yan uwa kuma aike ya fi zuwa yawa, shi ma sai an tuna. Akwai daren da na daka mata tsawa don ta tashe mu sau biyar, na koma ɗaki na kasa barci don kunya. An ce kusan kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan cuta a duniya mata ne ke ɗauka. A gidana ya fi haka. Matar da na kora da sunan sata ita ke yi wa Inna wanka, kuma daga hannunta kaɗai take yarda ta ci abinci. Ba ta san surukarta ba ce. "Baiwar Allahn nan mai kirki" take ce mata. Ranar Asabar da Lahadi na karɓi tashin dare don ta samu barci, kuma na sani ko kusa bai biya ba. Tsakanina da ita akwai abin da bai koma daidai ba, wani lokaci ina ganinsa in an ambaci kuɗi a gidan, yadda take janye hannunta.

Ni kuwa Inna ta daina gane ni tun azumin bara. Wani lokaci yayanta nake, wani lokaci baƙo.

Watannin baya, wata ranar Laraba, na dawo daga makaranta na same ta tsaye a bakin zaure tana leƙen waje, hankalinta a tashe. Na yi sallama. Ta kama hannun rigata ta ce: "Malam, don Allah ko ka ga yarona a hanya? An tashi 'yan makaranta tun ɗazu bai dawo ba, ko karyawa bai yi ba ya fita."

Na ce: "Wane yaron, Inna?"

Sai ta faɗi sunana. Cikakke, yadda aka raɗa shi ranar suna, ba kunya ba kara. Ina da shekara 50 da 'yan kai, ranar na fara jin yadda yake fita a bakinta.

Na ce mata na gan shi, yana nan tafe, lafiyarsa ƙalau. Ta ce to bari ta ajiye masa tuwonsa kada yara su cinye. Na riƙe hannunta muka koma ciki.